Mun fitar da siga ta 2, masu shaguna na kan ta 1: wane littafin jagora za mu gyara?

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya yi wa sana'a albarka.

Ka ce ku uku ne a Makka kuke rubuta manhajar fatura, wato rasit ɗin ciniki, da lissafin kaya, kuma yawancin masu amfani da ita 'yan'uwanmu ne masu shaguna a Shara Mansur da kewaye. Kun fitar da siga ta 2, amma da yawansu sun ƙi sabuntawa, wasu na kan 1.8, wasu ma har yanzu 1.6. Littafin jagorarku guda ɗaya ne, duk sanda aka canja wani abu sai wanda ya tuna a cikinku ya buɗe ya gyara. Yanzu ya zama bai dace da tsohuwar ba, bai gama dacewa da sabuwar ba. Kana tambaya ta ina za ku kama.

Ciwon yana cikin wannan "guda ɗaya" da ka faɗa. Manhajarku uku ce a kasuwa, ko da sunansu ɗaya ne, don haka littafi uku kuke buƙata. Kowace siga da nata littafin, kuma ranar da siga ta fita, littafinta ya tsaya cak a yadda take. Ba a goge shi, ba a ɗora bayanin sabuwa a kansa.

Ni da kuɗin wani bawan Allah na koyi wannan darasi. A watan Mayun 2020 aka sanar a Saudiyya cewa dariba, wato harajin VAT, za ta tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15, daga ranar 1 ga Yuli. Lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfani nan Jidda, muna da manhaja irin taku. Muka yi ta maza muka fitar da sabuwar siga, muka sake tsarin shafin saituna, ni kuma na buɗe littafin jagora na share tsohon bayani na rubuta: "Shiga saituna, a akwati na uku ka rubuta 15." Na tura wa kowa. Ashe wani dattijo mai sayar da turare da jallabiya a Bab Sharif bai sabunta ba. A tsohuwar sigar da ke kwamfutarsa, akwati na uku na rangwame ne. Ya rubuta 15 kamar yadda na ce. Tun daga safe har azahar duk wanda ya sayi kaya sai manhaja ta sauƙaƙa masa kashi 15, dariba kuwa tana nan a kashi 5. Da ya kira ni bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Yaro, abin da ka rubuta shi na bi." Gaskiyarsa kuwa. Na so in duba abin da tsohon shafin yake cewa don in gane inda aka kwana, sai na tarar babu shi ko'ina, ni da hannuna na goge.

To abu na farko, ku ɗauke littafin nan daga inda yake. In fayil ɗin Word ne a kwamfutar ɗayanku, ko PDF da ke yawo a WhatsApp, ku mayar da shi rubutu zalla, irin Markdown, ku zuba shi a ma'ajiyar Git ɗin da kod ɗinku yake, cikin foldarsa, Git kuwa shi ne ke riƙe tarihin duk canjin da aka yi wa fayiloli. Amfanin haka biyu ne. Duk wanda ya canja yadda ake buga fatura, a aiki guda zai canja shafin da ke bayanin buga fatura, mai duba aikinsa kuma zai ga duka biyun a gabansa. Sannan ranar fitarwa idan kuka manna wa sigar alama da git tag, alamar ta kama kod da littafi tare. Bayan shekara biyu wani ya kira yana kan 1.8, sai ka koma kan alamar ka karanta ainihin abin da yake gani. Ba sai ka dogara da ƙwaƙwalwarka ba, wadda ta riga ta cika da siga ta 2.

Sigar da har yanzu kuke kula da ita kuma ku ba ta reshenta a Git, wato layin aikinta da ke tafiya daban. Ga reshen 1.8, ga babban reshe inda ake aikin siga ta 2. In aka gano kuskure a bayani wanda ya shafi duka biyun, a gyara a babban reshe a ɗauko gyaran da cherry-pick zuwa na 1.8. In bai shafi 1.8 ba, kada a taɓa ta. Kuskure kawai ake gyarawa a tsohon littafi, ba a ƙara masa labarin abin da sigarsa ba ta da shi. Abu ɗaya da ake ƙarawa shi ne sanarwa a saman kowane shafi: wannan bayanin na siga 1.8 ne, akwai wadda ta fi ta. Leƙa takardun manyan manhajoji irin su Django ko PostgreSQL ka gani. Na tsofaffin sigogi suna nan, kowa na iya karantawa, sai dai da gargaɗi a sama cewa an daina kula da su. Na harshen rubuta kod na Python 2.7 ma suna nan, alhali tun ranar 1 ga Janairun 2020 aka yi mata ritaya.

Python na da wata ɗabi'a da nake so ku ara. A ƙarƙashin bayanin abu za ka ga ɗan layi yana cewa an ƙara wannan a siga kaza, ko an canja halinsa a siga kaza. Layi ɗaya ne, amma yana kashe gardama mai yawa, musamman tsakanin ƙananan sigogi inda bai kamata ku raba littafi ba. Ba sai 2.0 da 2.1 da 2.2 kowacce ta yi littafi daban ba. Littafin siga ta 2 ɗaya, da irin waɗannan layuka a cikinsa, ya wadatar.

Yanzu maganar da ta fi cin rai: kundin canje-canje. Wannan daban yake da littafin jagora. Littafi yana faɗin yadda manhaja take, kundi yana faɗin abin da ya bambanta yau da jiya. Fayil ne guda, galibi CHANGELOG.md ake sa masa, sabuwar siga a sama, tsofaffi na bin ta a ƙasa, kowacce da lambarta da ranar fitarta. Tsarin da Olivier Lacan ya yaɗa, Keep a Changelog, ya kasa canje-canje gida shida: abin da aka ƙara, wanda aka canja, wanda ake shirin cirewa, wanda aka cire, wanda aka gyara, da abin da ya shafi tsaro. Ku ɗauke shi yadda yake, ba sai kun ƙirƙiro naku ba. Amma abin da ya fi komai amfani a tsarin shi ne sashen da ke can sama, na abin da ba a fitar ba tukuna. Duk wanda ya gama aiki sai ya rubuta layinsa a nan kafin a haɗe aikin. Ranar fitarwa sai dai a sa wa sashen lamba da kwanan wata, a buɗe sabo fanko a samansa.

Na san abin da kuke yi yanzu, domin kowa da haka ya fara. Daren da za a fitar sai ku zauna ku uku kuna gungura tarihin Git kuna tambayar juna, wannan "gyara" da ka rubuta wata biyu da suka wuce, me ka gyara? Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya yi aikin, a ranar da ya yi shi, shi kaɗai ya san abin da ya taɓa da wanda zai ji a jikinsa. Ku yi dokar a tsakaninku: aikin da mai shago zai iya gani, in babu layinsa a kundi, ba a haɗe shi. Mako biyun farko za ku ɓata wa juna rai, daga baya ya zama jiki.

Kuma kada ku kwafo saƙonnin komit, wato ɗan bayanin da ake rubutawa a Git yayin ajiye canji, ku zuba ku ce kun yi kundi. Saƙon komit na abokin aikinka ne. Dubi bambancin:

"An gyara lissafi a aikin jimla."

"Idan fatura na da rangwame a kan kaya fiye da ɗaya, jimlar dariba takan bambanta da halala ɗaya ko biyu. An gyara. Faturar da aka riga aka buga ba za ta canja ba."

Na biyun ya gaya wa mai shago ko abin ya taɓa shi, ta yaya zai gane, da kuma makomar takardun da ya riga ya ba mutane. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce wadda akawunsa zai nema, kuma ita ce wadda mai rubuta kod yake mantawa kullum, domin a wajensa aiki ya ƙare tunda gwaji ya wuce.

In ayyuka suka yi yawa har layukanku suka riƙa karo a wuri ɗaya cikin fayil, akwai mafita: kowane aiki ya ajiye ɗan guntun fayil nasa, ranar fitarwa a harhaɗa. Abin da towncrier ke yi ke nan, masu Python kuma da wani kayan aiki nasu mai suna blurb suke yi. Ku uku dai ba ku kai nan ba, kada ku ɗora wa kanku.

Lambar siga kuwa alkawari ce. A tsarin SemVer, wanda Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta, lamba uku ce. Ta ƙarshe tana motsawa in gyara kawai aka yi, ta tsakiya in an ƙara abu ba tare da karya na da ba, ta farko in an yi canjin da zai karya abin da ya dogara da tsohon tsari. An yi shi ne domin manhajojin da wasu manhajoji ke dogara da su, amma ni a irin aikinmu ina auna shi da hannun mai shago. In yaron shago zai zo da safe ya danna inda ya saba dannawa ya ga wani abu daban, ko tsohon fayil ɗin ajiya ya ƙi buɗewa, ko firintarsa ta daina aiki, babbar lamba ce za ta motsa. Wasu kuma da kalanda suke tafiya, kamar Ubuntu, inda 24.04 ke nufin Afrilun 2024. Kowanne kuka zaɓa ba laifi. Abin da ba na yafewa shi ne a fitar da abu biyu da lamba ɗaya. Ka tura 2.0.1 da hantsi, ka ga kuskure da la'asar, ka gyara ka sake turawa a matsayin 2.0.1. Daga ranar kana da kwastomomi biyu masu lamba ɗaya da manhaja daban, kuma babu takardar da za ta raba maka su. Ka kira ta 2.0.2 kawai, lamba ba ta ƙarewa. In wata siga ta fita da mummunar matsala har kuka janye ta, ku bar ta a kundi ku rubuta an janye, da dalili. A Disambar 2021, lokacin ɓarakar tsaron Log4j, wani kayan aiki da manhajoji da yawa ke dogara da shi, gyaran farko na 2.15.0 bai toshe komai da komai ba, sai ga 2.16.0, ga 2.17.0, ga 2.17.1, duk a cikin watan. Masu kula da saba, wato manyan kwamfutocin da manhajoji ke aiki a kansu, a lokacin ba abin da suke nema sai rubutu bayyananne: wace siga ce ke da wace matsala, wacce ce ta rufe ta.

Akwai takarda ta uku da ban ji ka ambata ba, kuma ina zaton rashinta ne ya sa mutanenku suka ƙi motsawa: bayanin ƙaura daga tsohuwar siga zuwa sabuwa. Mu masu rubutawa muna ɗauka kowa daga 1.8 zai taka zuwa 2.0. Mai 1.6 fa? Shi tsalle zai yi ya tsallake siga biyu, kuma ba zai zauna ya karanta kundin kowacce ya haɗa lissafi ba. Ku rubuta masa shafinsa: in kana kan 1.6, ga abin da za ka yi. Ya fara da ajiye kwafin rumbun bayanansa a filasha, ku nuna masa yadda zai tabbatar kwafin ya yi. Ku faɗa masa ko zai iya zuwa 2 kai tsaye ko sai ya bi ta 1.8. Ku faɗa masa minti nawa shago zai tsaya. Ku faɗa masa gaskiya ko akwai hanyar komawa baya, domin in siga ta 2 ta canja fasalin rumbun bayanai, tsohuwar ba za ta sake karanta shi ba, kwafin nan na filasha shi ne kaɗai gatansa. Kuma kafin ku rubuta ko kalma ɗaya, ku gwada ƙaurar da bayanan shago na gaske, da izinin mai shi, masu sunayen kaya cikin Larabci da Hausa da bashin shekara uku a ciki. Rumbun gwaji mai kaya goma ba ya nuna komai.

A nan zan ɗan kare masu shagunan. Wanda ya ƙi sabunta manhaja a goman ƙarshe na Ramadan, ko a Zulƙida lokacin da alhazai suka cika Shara Mansur ana cinikin dabino da carbi da tsarabar yara har tsakar dare, ya fi ku hankali. Cinikin shekararsa a makonnin nan yake. Don haka ku rubuta a fili har yaushe za ku ci gaba da kula da kowace siga, kuma ku ɗora ranar a bayan aikin hajji, wajen Muharram ko Safar, lokacin da kasuwa ta lafa. Abin da za ku cire ma ku sanar tun da wuri: siga guda cur ta fita tana cewa wannan zai tafi a siga mai zuwa, ga madadinsa. PostgreSQL shekara biyar take ba kowace babbar siga. Python 3.0 ta fita a Disambar 2008, amma sai da aka shafe shekara goma sha ɗaya kafin a rufe ta 2. Ku ba ku da ƙarfin haka, shekara guda ma ta isa, muddin an rubuta an kuma cika.

Sai dai a ƙasar nan ba kullum ne zaɓi ke hannun mai shago ba. Hukumar zakka da haraji da kwastan ta wajabta faturar lantarki daga 4 ga Disamba 2021, da lambar QR a jikin faturar da ake ba mai saye. Mataki na biyu, na haɗa manhaja da tsarin hukumar, ya fara 1 ga Janairu 2023, ana shigar da 'yan kasuwa rukuni-rukuni. To dole takardunku su faɗi wace siga ce ke yin wane mataki. In 1.6 ba ta iya mataki na biyu ba, wannan shi ne layin farko a saman littafinta, da manyan baƙi, kafin komai.

Maganar harshe ma ku shirya mata. Mutanenku wani Larabci yake karantawa, wani Hausar boko, yaron shago ɗan Bangaladash ko Indiya kuma Ingilishi. Ku zaɓi harshe ɗaya ya zama uwa, a nan ake fara kowane gyara, kowace fassara kuma ta ɗauki shaidar sigar da aka fassaro ta daga gare ta. Fassarar da ta makara amma ta faɗi cewa ta 2.0 ce ta fi wadda ta yi shiru. Kada kuma ku kwatanta maɓalli da inda yake zaune. Abin da ke dama a fuskar Larabci yana hagu a ta Ingilishi, "akwati na uku" kuwa ka ji yadda ya yi da ni. Ku kira kowane abu da sunan da ke rubuce a jikinsa. Kwanan wata ku rubuta shekara, wata, rana, kamar 2024-03-05, a miladiyya. In kun rubuta 5/3 wani Maris zai karanta, wani Mayu, dattijon da ya saba da kalandar Hijira ta Ummul Ƙura kuma ya ɗauka Rabi'ul Awwal kuke nufi.

Hotunan allo ku rage su. Su ne ke fara tsufa, kuma ba a iya bincika su da neman kalma a gane wanne ya ruɓe. Inda hoto ya zama dole, a sa masa sunan siga.

Na san ƙarshenta dai WhatsApp za a koma, domin da yawa daga cikin iyayenmu saƙon murya suka fi ganewa. Ba laifi, ku yi. Amma saƙon murya da PDF ba sa mutuwa, bayan shekara biyu wani zai tura wa maƙwabcinsa. Saboda haka jimlar farko ta saƙon ta zama "wannan bayanin na siga 2.1 ne", PDF kuma lambar siga ta fito a ƙasan kowane shafi, ba a bango kaɗai ba, tunda shafi ɗaya ake ɗauka a hoto a tura. A cikin manhajar ma lambar ta zauna inda ido zai gan ta ba sai an tona ba, maɓallin taimako kuma ya buɗe littafin sigar da ke aiki. Ɗan bayanin da ake sawa a Google Play harafi 500 ne iyakarsa a kowane harshe, ku ɗauki abu biyu ko uku mafi muhimmanci daga kundi ku sa, sauran a bar su a kundi.

Game da tarkacen da ke hannunku yanzu, kada ku ce za ku tono tarihi tun daga siga ta farko. Ku tsaya a 1.6, tunda ita ce mafi tsufa da ke aiki a wani shago. Ku kwafi littafin nan gida uku, kowannenku ya ɗauki siga ɗaya ya girka ta, ya bi littafin shafi-shafi yana dannawa da hannunsa, duk inda rubutu ya saɓa da allo ya gyara rubutun. Abin da kuka tarar ya bambanta tsakanin kwafi ukun, shi ne zai zama kundinku na farko da kuma bayanin ƙaura. Aikin Juma'a da Asabar biyu ne, in ba ku tsaya gyaran kod a hanya ba, kuma za ku so ku tsaya. Ku rubuta matsalar a gefe ku wuce.

Wanda ya ɗauki 1.6 kada ya cire ta bayan an gama. Ni akwai tsohuwar laftof a ƙarƙashin teburina da ba ta da aikin komai sai riƙe tsofaffin sigogi, in an kira ina buɗe wadda mai kiran yake kai, mu riƙa kallon allo iri ɗaya. In ba ku da kwamfutar da za ku keɓe, ku girka ta a cikin VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙira kwamfuta a cikin kwamfuta.